Fiffiken Fara a Cikin Dutse, da Yadda A Ke Rarrabe Iri da Iri

Wanda duk ya taɓa kwana a Tudun Wada ta birnin Sakkwato cikin watan Agusta, sa'ad da damina ta yi tsaka, ya sani ba a raba daren nan da kukan ƙwari. Da an idar da sallar Lisha, ƙafa ta ɗauke, sai ka ji gyare ya tasa daga gindin katanga, tsanya ta amsa masa daga bakin rami, sa'an nan can cikin ganyen dogon-yaro wani siririn kuka ya ratso, kamar ana goga allura a bakin tasa. Mai wannan kuka na ƙarshe wata irin fara ce koriya, mai dogayen ƙahoni sirara kamar zare, wadda ta kan faɗo wa fitila da dare. Mutanen Amurka su kan kira tasu katidid, don haka nan kukanta ya ke faɗa wa kunnensu. Mu kuwa a cikin wannan takarda za mu riƙa ce mata fara mai dogon ƙaho.

'Yan'uwan wannan fara na zamanin da, waɗanda suka ƙare tun shekaru miliyoyi, sun bar fukafukansu a cikin duwatsu. Masana sun haƙo su da yawa, sun raɗa musu sunaye. Tambayar da mu ke so mu bi ita ce: mutum yana riƙe da fiffike guda, ba kai, ba ƙafa, mai shi ya mutu tun shekara miliyan 165, da wace hujja zai ce wannan iri dabam ne, ba irin wancan ba ne? Ni dai ba masanin ƙwari ba ne, koyar da harshe ne aikina. Abu biyu suka jawo ni cikin zancen. Na fari, malaman kwalejojin horon malamai sun sha tambayarmu kalmomin da za su koyar da ilmin halitta da su cikin Hausa. Na biyu, da na karanta yadda masanan nan su ke gardama, sai na ga ashe gardamar gidanmu ce su ke yi, watau wane bambanci ne ke da ma'ana, wane ne kuwa ba shi da ita.

Sai mu fara daidaita kalmomin aiki. Masana halitta suna jera dabbobi mataki-mataki. Matakin ƙasa shi za mu kira iri, watau taron dabbobin da namijinsu da tamatarsu ke saduwa su haifi abin da shi ma zai haihu. Ire-iren da suka kusanci juna a kan haɗa su gida ɗaya, gidaje kuma a haɗa su dangi ɗaya. Tun daga littafin Linnaeus na 1758 kowane irin dabba yana da suna biyu na Latin, na farko sunan gida, na biyu sunan iri. Wasu marubuta su kan ce jinsi a inda na ce iri. Ban bi su ba, domin a nahawun Hausa mun riga mun ba jinsi aikinsa, shi ne rarrabe namiji da tamace, kuma nan gaba za a ga rikicin namiji da tamace yana cikin manyan abubuwan da ke wahal da masu nazarin fiffiken dutse. In kalma guda ta ɗauki kaya biyu a shafi guda, mai karatu za ta kayar. Abin da wata halitta ta da ta bari cikin dutse kuwa, ko ƙashi, ko ɓawo, ko shaidar jikinta kawai, shi za mu kira burbushi.

Duwatsun ƙasar Sakkwato

Ba sai Basakkwace ya yi tafiya mai nisa ba kafin ya ga burbushi. A Kalambaina, yamma da birni, inda a ke fasa dutsen farar ƙasa don yin siminti, dutsen cike ya ke da ɓawon katantanwa iri-iri da na wata halitta mai ƙaya da a ke kira bushiyar teku. Shekarunsu wajen miliyan 60. A lokacin nan teku ce ta miƙo ta ratsa inda hamadar Sahara ta ke yanzu, ta kwanta a kan wannan yanki. A duwatsun wajen Goronyo, waɗanda suka ɗan girmi na Kalambaina, an sami ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku. A 1930 W. E. Swinton ya sa masa suna Mosasaurus nigeriensis, bisa ga 'yan guntayen ƙasusuwan da suka zo hannunsa. Da wasu masana Italiyawa suka sami ƙoƙon kansa, sai suka ga bai dace da gidan da aka sa shi ba, a 1972 suka buɗe masa gidan kansa, suka kira shi Goronyosaurus. A riƙe wannan labari, za mu koma kansa.

To, amma teku ba ta kyautata wa fiffiken ƙwaro. Igiyar ruwa ta kan yayyaga shi, tsutsotsin ƙarƙashin ruwa su tone lakar da ya kwanta ciki. Abin da fiffike ke bukata shi ne tabki mai kwanciya, mai laka mai laushi ƙwarai, wadda za ta rufe shi da sauri kafin ya ruɓe. Saboda haka zancenmu zai bar ƙasar Hausa, ya tafi inda aka sami irin waɗannan tabkuna na da: duwatsun Molteno a Afirka ta Kudu da na Madygen a ƙasar Kirgistan, waɗanda suka haura shekara miliyan 200, na Karatau a Kazakistan, sa'an nan uwa uba ƙauyen Daohugou a arewacin ƙasar Sin, inda tokar duwatsu masu aman wuta ta riƙa zuba cikin tabki wajen shekara miliyan 165 da suka wuce, ta adana ƙwari dubbai.

Me ya sa fiffike ya fi sauran jiki saura? Duk wanda ya ga mata suna gyaran fara don suya ya san amsar. A kan fige fukafukan a zubar, don ba abin ci a jikinsu. Haka ƙadangare da tsuntsu su ke yi. Cikin fara ruwa ne da maiƙo, nan da nan ya ruɓe ko a cinye shi, fiffiken gaba kuwa busasshe ne mai tauri, iska ta kwashe shi ta jefa a ruwa, ya yi ta yawo har ya nutse. Shi ya sa mafi yawan ire-iren farar da, fiffiken gaba guda ɗaya ne kaɗai shaidarsu.

Karatun jijiyoyi

Ɗauki fiffiken gaba na fara ka ɗaga shi ga hasken rana. Za ka ga jijiyoyi sun taso daga gindi sun bazu zuwa baki, wasu sun yi rassa, ƙanana kuma sun gitta tsakaninsu kamar saƙar koma. Wannan saƙa tana da ƙa'ida. A 1898 wasu Amurkawa biyu, J. H. Comstock da J. G. Needham, suka nuna manyan jijiyoyin fukafukan ƙwari duka tsarinsu ɗaya ne, suka ba su sunaye shida waɗanda a ke taƙaitawa da haruffa, daga bakin gaba zuwa na baya: C, Sc, R, M, Cu, A. Ta farko ita ce gefen fiffike na gaba, ta biyu tana biye da ita, R ita ce ƙaƙƙarfa mai riƙe da fiffiken, M tana tsaka, Cu na bayanta, jijiyoyin A kuwa su ne gajerun nan na kusurwar baya. Fiffiken kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne sumul. A naɗe ya ke kamar maficin takarda, wata jijiya a kan tudu, mai bi mata a cikin kwari. Sc kullum a kwari ta ke, R a kan tudu. Da wannan ne masani ya ke gane jijiya ko da fiffiken ya karye. Sai dai in aka tsaga dutse biyu, ɓari guda ya kan fito kamar hatimi, ɗayan kamar shaidar hatimin, abin da ke tudu a nan kwari ne a can, wanda bai lura da ɓarin da ke hannunsa ba sai ya karanta fiffiken a juye.

Abin da a ke dubawa shi ne: a ina reshen baya na R ya rabu da uwarsa, kafin tsakiyar fiffike ko bayanta, a ina M ta rabu biyu, ko wani reshe nata ya haɗe da Cu, in ya haɗe kuwa, sun yi tafiya mai nisa tare ko taɓa juna kawai suka yi, rassa nawa kowace ta fitar, faɗin filin da ke tsakanin jijiya da jijiya, tsawon fiffiken da faɗinsa, da zanen launi in ya saura. Launi ya kan saura kuwa. Aboilus fasciatus, wanda A. V. Martynov ya raɗa wa suna a 1925 daga duwatsun Karatau, ma'anar sunansa na biyu mai ratsi-ratsi, yawancin 'yan'uwansa kuma fukafukansu na ɗauke da ratsin baƙi ko ɗige-ɗige.

Ya kamata mai karatu ya san masanan ba su haɗu a kan sunayen rassa ba. F. E. Zeuner a littafinsa na 1939, da A. G. Sharov a nasa na 1968, da A. V. Gorochov bayansu, suna da nasu karatun. O. Béthoux da A. Nel a farkon shekarun 2000 suka kawo wani, inda reshen da Rashawa ke lissafawa cikin M su suka mai da shi cikin Cu. Wannan ba ya canza fiffiken. Kamar mu ne da mu ke rubuta 'ya'ya a Nijeriya, 'yan'uwanmu na Nijar su rubuta ƴaƴa, furucin ɗaya. Amma wanda ya kwatanta bayanin wannan da na wancan bai san da haka ba, zai ga bambancin da babu shi.

Bambancin da ba shi da ma'ana

Ga inda aikinsu ya haɗu da namu. Bakano ya ce fara, Basakkwace ya ce hwara, Bakano ya ce fili, Basakkwace ya ce hili. A kunnen baƙo tazarar da ke tsakanin f da hw babba ce, amma ba wanda aka taɓa aika ya sayo hwara ya komo da wani abu dabam. Tazarar k da ƙ kuwa baƙo da ƙyar ya ke jin ta, alhali ita ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Girman bambanci bai nuna nauyinsa ba. Kuma ba yadda za a yi manazarci ya gane wanne ne wanne daga kalma guda da ya ji sau ɗaya. Sai ya tara furuci mai yawa daga bakuna masu yawa, ya ga abin da ke sauyawa ma'ana ba ta motsa ba, da abin da in ya sauya ma'ana ta bi shi.

Masanan farko ba su sami wannan dama ba. Fiffike ɗaya ya fito daga nan, rabin wani daga can, kowane aka ga rassansa sun ɗara na wani da guda sai a ba shi suna. Daohugou ce ta tona asirin wannan hanya, domin a can a kan sami ƙwaro cikakke, fukafukansa biyu a shimfiɗe, kuma a sami irinsa da yawa a dutse guda. Da aka duba, sai ga shi an sha samun ƙwaro ɗaya wanda yawan rassan wata jijiya a fiffikensa na hagu bai yi daidai da na dama ba, ko inda jijiyar ta rabu a wannan ya ɗan gota na wancan. Da iska ta raba waɗannan fukafukai biyu, aka tsince su dabam dabam, da an ba dabba ɗaya suna biyu. Daga nan aka sami ma'auni mai sauƙi: duk bambancin da a ke iya samu tsakanin hagu da daman ƙwaro guda, bai isa ya raba iri da iri ba. Hwara ce da fara.

Girma da launi ma ba a sakin jiki da su, kuma farar da ta sha cinye gonakinmu ita ce babbar shaida. Linnaeus da kansa ya raɗa sunaye biyu, waɗanda daga baya aka sani da Locusta migratoria da Locusta danica. Ta farko mai tafiya cikin runduna, ɗangonta baƙi da ruwan goro. Ta biyu mai zaman kaɗaici cikin ciyawa, sau da yawa koriya. Siffar ƙeyarsu dabam, kuma in aka auna tsawon fiffike da tsawon cinyar baya, mai runduna ta fi dogon fiffike. Shekara fiye da 150 ana ɗaukar su iri biyu, sai a 1921 B. P. Uvarov ya nuna iri ɗaya ne: cunkoso ne ke juya 'ya'yan mai kaɗaici su zama masu runduna. Wannan bayani ne ya sa aka gane inda annobar fara ke tasowa. Wadda ta fara a 1928, ta mamaye yawancin Afirka kudu da Sahara har da ƙasar Hausa, ba ta lafa ba sai wajen 1941, daga fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali ta yanzu ta taso. To, in dabbar da ke da rai, ana kama ta da hannu kowace shekara, ta ruɗi masana shekara 150, ina ga wadda ba a da kome nata sai inuwar fiffike?

Dutsen kansa ya kan yi ƙarya. A Madygen motsin ƙasa ya ja duwatsun ta fuska ɗaya, saboda haka fiffiken da ya kwanta bisa tsawon jan ya kan fito dogo siriri, ɗan'uwansa da ya kwanta a gicciye ya fito gajere mai faɗi.

Sa'an nan ga jinsi. A wajen fara mai dogon ƙaho da gyare da danginsu, namiji ne ke kuka, da fukafukan gaba ya ke yi, saboda haka jijiyoyin gindin fiffikensa sun lanƙwashe sun zama kayan kiɗa. Na tamata a miƙe su ke. Wanda ya ajiye fiffiken namiji kusa da na tamatarsa zai rantse ba gidansu ɗaya ba. In jiki ya saura abin da sauƙi, don tamata tana da dogon abin zuba ƙwai a bayanta mai kama da takobi, shi ya sa a ke kiran wannan rukuni duka Ensifera, watau masu ɗauke da takobi. In fiffike ne kaɗai, sai dai a dubi girma da zanen launi da kasancewarsu cikin dutse guda, a yi kirdado.

Bambancin da ido ba ya gani

Duk abin da muka faɗa yana jan mutum ya ce, to, a haɗe su mana, a rage sunaye. An gwada haka, aka faɗa ɗaya ramin. A 1915 J. A. G. Rehn da M. Hebard suka duba baƙaƙen gyaren daji na nahiyar Amurka, suka ga ba wata alamar jiki da ta tsaya ta raba su, suka ce duka iri ɗaya ne mai yawan sauye-sauye. Aka zauna a kan haka, har B. B. Fulton a 1952 da R. D. Alexander a 1957 suka kasa kunne. Sai ga shi gyaren da ke fili ɗaya kukansu dabam dabam, wani a yanyanke, wani a jere ba tsayawa, tamata kuma ba ta zuwa sai wurin mai kukan irinta. Ashe ire-ire ne da yawa cikin riga ɗaya. Wannan shi ne baki da baƙi.

Ke nan a wurin waɗannan ƙwari kuka shi ne iyakar iri. Kamar yadda mu ke cewa Sakkwatanci da Kananci karin harshe ɗaya ne don masu su suna fahimtar juna, Gwandara kuwa, ko da ya ke shi ne ɗan'uwan Hausa mafi kusa, harshe ne dabam, haka tamatar gyare ta ke yanke hukunci da kunnenta. Kunnen nan kuwa ba a kai ya ke ba, a ƙwaurin ƙafar gaba ya ke. Farar gona mai gajeren ƙaho nata a gefen ciki ya ke, yawancinsu kuma da ƙafar baya su ke goga fiffike, shi ya sa ba su shiga wannan lissafi.

Abin sa'a shi ne kayan kiɗan suna kan fiffike, fiffike kuwa shi ke saura. A ƙarƙashin fiffiken namiji, kusa da gindi, akwai jijiya guda mai jerin ƙananan haƙora kamar magagarin maƙeri. A gefen ɗaya fiffiken akwai wani kaifi, shi ne makankari. In ƙwaron ya rufe fukafukansa, makankarin ya bi ta kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kamar yaro na jan akaifa a kan mataji, fatar fiffiken kuma ta ɗauki girgizar ta ƙara mata ƙarfi kamar fatar kalangu. Tsawon magagari, da yawan haƙoransa, da tazarar da ke tsakaninsu, su ke tsai da kaifin murya. Tun da tamata da muryar ta ke zaɓe, waɗannan ba su da damar yin yawo yadda ƙananan rassan bakin fiffike ke yi. Namijin da magagarinsa ya kauce daga na irinsa ba zai sami mai amsa masa ba. Don haka ne fiffiken namiji mai cikakken gindi ya fi na tamata daraja nesa a wurin mai rarrabe iri.

A 2012 Gu Jun-Jie da Fernando Montealegre-Z da Ren Dong da abokan aikinsu suka bayyana wani namiji daga Daohugou, tsawon fiffikensa wajen santimita 7, watau inci 3 ba kaɗan, haƙoran magagarinsa sun fito har ana iya auna su a madubin likita. Suka gwada ma'auninsa da na ire-iren da ke da rai waɗanda aka san kukansu, suka lissafa yana fitar da murya guda tsantsa mai girgiza sau 6,400 a sakan. Suka sa masa suna Archaboilus musicus. Danginsa, Haglidae, sun ƙare ƙaf. Fukafukansa biyu daidai su ke, kowane da magagarinsa. Fara mai dogon ƙaho ta yau, wadda ire-irenta sun haura 7,000, ba haka ta ke ba: fiffiken hagu ke hawa kan na dama, magagari mai aiki na hagu, fatar da ke amsawa ta dama, kuma da yawansu muryarsu ta wuce girgiza 20,000 inda kunnen mutum ya ke tsayawa. A zamanin Archaboilus ba jemage, don mafi tsufan burbushin jemage bai wuce shekara miliyan 50 da 'yan kai ba. A 2022 kuma Xu Chunpeng da Wang Bo da abokansu suka nuna kunnuwa a ƙwaurin wasu burbushin Daohugou, suka kuma auna magagarai masu yawa har da na Afirka ta Kudu da Kirgistan, suka ga tun fiye da shekara miliyan 200 muryoyin sun rarrabu, wasu ƙasa wasu sama, kowane iri da tasa hanyar cikin dare.

Amma kada a zarce. Magagari yana ba da kaifin murya, ba ya ba da kari. Sau nawa ƙwaron ke bugawa kafin ya tsaya, tsayawar ta yi tsawon me, wannan aikin tsoka ne da ƙwaƙwalwa, har zafin dare yana sauya shi, kuma ba ya kwanciya a dutse. Gyare biyu na iya yin kusan magagari ɗaya, kari ya raba su. Mu malaman Hausa mun san wannan ciwo sarai. Rubuta fara a allo ka ce ɗalibi ya karanta. Ƙwaron ne, mai dogon wasali da karin sauti ƙasa sa'an nan sama? Ko aikatau ne, ya fara aiki, sama sa'an nan ƙasa? Ko sifa ce, fara tas, mai gajeren wasalin farko? Kalmomi uku ne a baki, ɗaya a rubutun boko, sai ƙamus irin na Bargery na 1934 ne ya ɗauki wahalar sa musu alama. Fiffiken dutse rubutu ne marar alamar kari. Abin da masani ya kira iri a nan, iri ne na siffa. Ta yiwu suna ɗaya ya rufe ire-ire uku, ta yiwu kuma sunaye uku na dabba ɗaya ne.

A ganina masu jinkirin raɗa suna sun fi gaskiya. Sunan da aka kafa a kan rabin fiffiken tamata guda, bisa ga reshe ɗaya da ya ɗara, nauyi ne kawai aka ɗora wa na baya. Abin da ke ceton aikin shi ne ƙa'idar da masana dabbobi suka yarda da ita: kowane suna a ɗaure ya ke ga samfur guda, wanda za mu iya kira mariƙin suna, a ajiye a gidan adana kayan tarihi inda kowa zai iya zuwa ya sake dubawa. In an gane sunaye biyu na iri ɗaya ne, wanda ya riga shi ke zama, na bayan ya faɗi. In an gane an sa iri a gidan da ba nasa ba, a ɗauke shi da sunansa na biyu a kai shi wani gida. Abin da ya sami ƙadangaren Goronyo ke nan: gida ya sauya, nigeriensis na nan.

Malamin da ke son ɗalibansa su gane wannan da hannunsu ba ya bukatar dutsen ƙasar Sin. Da kaka, a sa su kamo fara 20 masu kama ɗaya daga gona guda. A cire fukafukan gaba, a manna na kowace a takarda, hagu kusa da dama, kada a gauraya. Su ƙirga rassan jijiya guda da madubin ƙara girma, su auna tsawo, su rubuta. Sa'an nan malam ya zare fiffike ɗaya daga wata farar dabam ya ba su, ya ce su kawo hujjar da ta raba shi da sauran wadda ba ta raba hagu da dama a takardunsu ba. Wanda ya so ya danna fiffike cikin yumɓu mai laushi ya bari ya bushe, ya ga abin da ya fito da abin da ya ɓace.

Akwai dangi na biyu na farar da, Prophalangopsidae, waɗanda aka san kusan ire-irensu 100 a dutse, Aboilus na cikinsu. Su ba su ƙare duka ba, amma masu ran ba su kai iri 10 ba, a duwatsun yammacin Amurka ta Arewa da gabashin Rasha da ƙasar Sin. Wanda ya fi kama da na dutse a cikinsu shi ne Prophalangopsis obscura, wanda Francis Walker ya raɗa wa suna a 1869. Namiji ne guda ɗaya, busasshe, a gidan tarihin halitta na Landan, takardar da ke jikinsa ta ce daga Indiya ya fito. A 2009 wasu masanan ƙasar Sin suka ba da labarin tamata biyu da aka kamo a Tibet, suka ce ga alama irinsa ne, amma tun da tamata ba ta da magagari, ba abin da za a ɗora kan nasa a gwada. A 2022 Charlie Woodrow da Montealegre-Z da abokansu suka auna fiffiken namijin nan na Landan kamar yadda a ke yi wa burbushi, suka lissafa muryarsa ta kai girgiza wajen 4,700 a sakan, da nufin a kafa na'urorin ɗaukar sauti a dazuzzukan arewacin Indiya da Tibet a saurari mai irin wannan murya. Har zuwa shekarar da suka buga aikin, ba a kama namiji na biyu ba.